Maɓallin Kufan Aruna

Tungar Kuka, 28 ga Agusta, 2021

Ɗana Ƙasimu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Allah ya sa wannan cuta ta korona ta yi muku sauƙi a Doha. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai. Kakarka Inna Talatu tana nan, sai ƙafa da ke damunta. Ta ce a tambayi maigidanta, tunda an gama karatun, me ya hana shi dawowa ya biya mata kuɗin cefane.

Ga dalilin wannan takarda. Ka san Kufan Aruna, inda kakanninmu suka zauna kafin a dawo bakin hanya. Can iyayen Inna suke kwance, da 'ya'yanta biyu, yayyena da ban taɓa gani ba. An ga alamar zinariya a rafin da ke gefensa, yanzu masu haƙa suna so a ba su wurin gaba ɗaya. Sun ce ba gari ba ne, bukkokin manoma ne na zamanin gyaɗa, kuma ba wanda ya ga tudun kabari. Gaskiya ne, ƙasa ta shafe su. Hakimi ya kafa kwamiti. Sun hana haƙa tukuna, amma sun ce mu kawo shaidar da ta wuce bakin tsohuwa cewa an zauna a wurin fiye da shekara ɗari.

Sai na ɗauki injina na neman zinariya na tafi da Inna a babur. Ta nuna da sandarta inda ɗakin kakanta Aruna yake, gabas da bishiyar kuka. Inji ya yi kuka a daidai wurin. Na tona kamu ɗaya, sai ga maɓallin riga na tagulla, da zanen fure a fuskarsa. A bayansa akwai wasu ƙananan haruffan boko a kewaye, tsatsa ta rufe su, da ɗan guntun zare a kunnensa. Inna ta ce na jabbar Aruna ne, wadda ya sayo a fatauci.

Kai ka karanta ilmin kayan tarihi. Ga hoton fuskarsa. Ka gaya mana shekarunsa, ka sa a takarda.

Kawunka,
Ja'afaru

Mansura, Doha, 3 ga Satumba, 2021

Kawu,

Na sami takardarka, na gode. Ina lafiya. An yi mini allurar korona ta biyu, kwana ɗaya kawai na yi zazzaɓi. A gaishe mini da amaryata, a ce mata cefane yana hanya.

Kawu, don Allah, kafin komai: kada a wanke shi. Ko da ruwa. Kada a goge, kada a cire zaren. A nannaɗe shi a farar takarda a ajiye inda ba danshi.

Fure ba ya faɗin shekara, domin an daɗe ana maimaita irin wannan zane. Bayan maɓalli shi ne mai magana. Haruffan da ka gani mai yiwuwa sunan maƙerin ne da garinsu, kuma akwai littattafan da suka tara shekarun da kowane maƙeri ya yi aiki. Zaren ma ana iya gane na hannu ne ko na inji. Ka ɗauko mini hoton bayan da rana, da rula a gefensa.

Wani abu kuma, gara in faɗa tun yanzu. Ko da maɓallin ya tsufa, shi kaɗai ba zai rantse cewa gari ne ba, don tsohon abu yana iya faɗuwa a sabon wuri. Amma zai sa su saurare mu.

Na maimaita: kada a wanke.

Ɗanka,
Ƙasimu

Zariya, 21 ga Nuwamba, 2021

Ƙasimu,

Gaisuwa da fatan alheri. Kada ka ga shiru ka ce ko lafiya. An katse mana layin waya tun farkon Satumba saboda rashin tsaro, kusan wata uku ke nan ko kira ba ya shiga. Yau na shigo Zariya karɓar maganin Inna, ina kunna waya sai ga takardarka da kiranka arba'in da ɗaya. Kai, yaron nan!

Mahaifiyarka ta haɗa ni da Jael, 'yar maƙwabtanta, wadda ke aikin jinya a can wurinku. Jibi za ta tashi. Na ba ta maɓallin ya zo maka da kansa, ya fi hoto.

Na ga inda ka ce kada a wanke. To, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da Inna ta ji za a kai shi ƙasar Larabawa, ta ce ba za a kai kayan kakanta da dauɗa a kunyata jikanta a gaban malamansa ba. Ta jiƙa shi a ruwan tsamiya, ta bi shi da toka da yashi mai laushi, yadda take wanke tasoshinta na aure. Kwana uku tana abu ɗaya. Za ka gani, yana ɗaukar ido kamar yau aka ƙera shi. Ina ganin ai tsabta ba za ta ɓata komai ba.

Kwamiti sun ɗaga zama har bayan damina mai zuwa, saboda hanya ba ta biyuwa.

Ja'afaru

Mansura, 9 ga Disamba, 2021

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, sai dai sanyi ya fara shigowa.

Jael ta gama kwanakin killacewa a otal, jiya na same ta a unguwar Bin Mahmud, bakin wani kantin kayan miya. Ta miƙo mini ƙullin leda ta ce, "Ƙasimu, wannan ɗan abin ne aka ce in riƙe kamar jariri? Na ɗauka gwal ne, ashe botin ne! Da na sani da kilishi na cika wurin." Na yi dariya don kada ta ga fuskata.

Ga abin da na auna. Faɗinsa milimita goma sha tara. Nauyinsa giram uku da ɗigo huɗu. Falle ɗaya ne, ba biyu aka haɗa ba. Kunnensa waya ce aka lanƙwasa aka liƙa da wuta. Furen yana da ganye takwas.

Bayansa kuwa fes yake, Kawu. Na duba da madubin ƙara girma, na haska fitila ta gefe, na juya shi ta kowace fuska. Ba harafi ko ɗaya. Tsatsa ta riga ta cinye ƙarfen, haruffan a jikin tsatsar suke zaune, da tsamiya ta ɗauke ta sai ta tafi da su. Zaren ma babu.

Littattafan da na duba sun nuna an fara yawaita irin wannan ƙira tun wajen 1790, amma an ci gaba da yin makamantanta har bayan 1900 da nisa. Wannan tazara ta yi faɗi, ba za ta amfane mu ba.

Kada ka gaya wa Inna. Da an kira ni a ranar, da na hana. Na rubuta a ranar uku ga Satumba, na ga saƙon bai shiga ba, na yi ta kallonsa har mako goma sha ɗaya.

Ka ce Inna ta tambayi abin da ya hana ni dawowa. Gidajen tarihi ba sa ɗaukar sababbi tun da cutar nan ta zo. Wani kamfanin tsaro ya ɗauke ni, su ne kafil ɗina yanzu, wato da sunansu nake zaune a ƙasar. Suna shirin gasar kofin duniya. Sun ba ni ɗan injin gano ƙarfe na hannu, ina shafa shi a jikin mutane a ƙofa. Ka ga ni ma na gaje ka.

Saura dabara ɗaya. Dakta Rahmat, 'yar ƙasarmu da ta koyar da ni, tana da na'urar da ke faɗin irin ƙarafan da ke cikin abu. Na roƙe ta. Ban yi alkawarin komai ba.

Ƙasimu

Mansura, 17 ga Mayu, 2022

Kawu,

Barka da shan ruwa, ko da ya wuce. Ka yafe mini jinkiri. Sau biyu ana rufe ɗakin gwajin saboda wani ya kamu, sai makon jiya na samu awa ɗaya.

Mun gwada wuri biyar. Ƙarfen tagulla ne, jan ƙarfe da tutiya. Amma a cikin lungun ganyen furen, inda tokar Inna ba ta kai ba, na'ura ta ga ɗan ragowar zinariya, kuma tare da ita akwai zaiba.

Ga ma'anarsa. A da, idan za a yi wa maɓalli ruwan zinariya, da zaiba ake kwaɓa ta a shafa, a gasa a wuta. Daga wajen 1840 aka samu hanyar lantarki, tsohuwar hanyar ta yi ta ja da baya. Saboda haka, idan zaibar nan tun daga maƙera take, zai yi wuya maɓallin ya gaza shekara ɗari da hamsin.

Na ce idan, Kawu. Ka karanta wannan kalma sau biyu. Dakta Rahmat ta kalle ni ta ce, "Ƙasimu, ba ka ce mini mai haƙar zinariya ne ya tsinto shi ba?"

Ka amsa mini wannan kafin ka yi magana da kowa: maɓallin ya taɓa haɗuwa da zaibarka ta aiki? Ko a gwangwani ɗaya, ko a aljihu ɗaya?

Ƙasimu

Tungar Kuka, 2 ga Yuni, 2022

Ɗana na kaina,

Allah ya yi maka albarka! Shekara ɗari da hamsin! Na karanta wa Inna, ta yi guɗa da bakinta mara haƙori, ta ce dama ta san ba ta yi zaɓen tumun dare ba da ta auri mai ilmi. Ranar Juma'a na faɗa a ƙofar masallaci. Wakilin masu haƙa yana wurin, ya ji da kunnensa. Matata Fausatu ta yi waina an raba.

Inna har ta sa na kai ta kufai ta share gindin kuka. Ta nuna mini inda take so a sa ta, kusa da mahaifiyarta. Na ce ta bar wannan magana, ta ce ai yanzu ne ma ta samu bakin yin ta.

Kwamiti za su zauna ranar 28 ga Nuwamba. Ka rubuto takarda da hatimin malamarka.

Af, tambayarka. Ai ka san aikinmu. Duk abin da inji ya yi wa kuka, sai an gwada shi. Ranar da na tono shi na ɗiga masa zaiba na murza da yatsa, in ga ko za ta kama zinariya. Sai fuskar ta yi fari fat, shi ya sa ma Inna ta dage da gugar. Wannan kowa haka yake yi.

Ja'afaru

Mansura, 5 ga Yuni, 2022

Kawu,

Ina gaisuwa. Ban san yadda zan fara ba.

Zaibar da muka gani ba za a iya raba ta da taka ba. Na koma wurin Dakta Rahmat na tambaya ko akwai hanyar gane tsohuwa da sabuwa. Ta ce da kayan da muke da su babu, khalas, wato magana ta ƙare. Mun koma inda muke a watan Disamba: tsakanin 1790 da wajen 1950.

Na ce ka amsa mini kafin ka gaya wa kowa. Laifina ne ma, da na sa tambayar a farkon takarda, ba a ƙarshe ba. Na sake karanta abin da na rubuta sau da yawa. Lambar ta fi kalmar girma a ido.

Ka yi haƙuri.

Ƙasimu

Funtuwa, 30 ga Satumba, 2022

Ƙasimu,

Muna lafiya. Inna ta daina fita, ƙafar ta kumbura har gwiwa.

Na yi kusan wata huɗu ban rubuto ba don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Yanzu na huce, ka saurare ni.

Maganar zaiba ni da kai da malamarka kaɗai muka sani. 'Yan kwamitin nan ba su san wata hanyar lantarki ba. Lamba suke so, da hatimi. Kai da bakinka ka ce mai yiwuwa ne ya kai shekarun. Ni kuma na san ya kai, domin uwata ba ta ƙarya. Ta ga jabbar da idonta tana yarinya. To, ina ƙaryar take idan ka rubuta abin da yake gaskiya?

Su masu haƙa ba sa cewa idan. Sun riga sun kawo injin niƙa dutse sun ajiye a bakin rafi.

Ba gona nake roƙo ba, Ƙasimu. Ka san yadda muke haƙa, ni ma da hannuna nake yi. Rami ne gaba goma, a kwashe ƙasar a buhu, a niƙa, a wanke a rafi. Ƙasar da yayyena suke ciki ke nan. Ka cire layi ɗaya kawai. Ban taɓa roƙonka komai ba.

Kawunka

Mansura, 22 ga Nuwamba, 2022

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Allah ya ba ta sauƙi.

An fara gasar shekaranjiya. Garin ya cika, jirgin ƙasa ba wurin sa ƙafa. Ina tsayuwa awa goma a ƙofar filin wasa, shugabanmu yana ta yalla, yalla, mu yi sauri. Injin yana kuka a kan makulli, a kan bel, a kan kwabo. Duk kukan da ya yi sai na tuna gabas da kuka.

Na rubuta rahoton iri biyu. Na farko babu maganar zaibarka. Ya yi kyau ƙwarai, shafi ɗaya, ya ƙare da "kafin 1870". Na kai wa Dakta Rahmat. Ta karanta, ta ajiye biro a kansa ta ce, "Sunanka ne a sama. Idan ka sa hannu, ka dube ni ka ce ka san haka ne." Na ɗauki biron, Kawu. Wallahi na ɗauka. Na kasa.

Na yarda Inna ta ga jabbar. Amma ba a tambaye ni abin da na yarda da shi ba, an tambaye ni abin da ƙarfen ya nuna. Kuma wakilin masu haƙa ya san aikin zaiba kamar yadda ka sani. Tambaya ɗaya zai yi maka a gaban mutane, "Ja'afaru, ba ka gwada shi ba?" Na san ka, ba za ka rantse a kan ƙarya ba. Daga nan har maganar Inna ta zube.

Ko kuma tsoro ne kawai nake ji, nake neman dalili.

Ga na biyun, da hatimi. Na sa duk abin da zai taimaka: zurfin da ka same shi, cewa Inna ta nuna wurin kafin inji ya yi kuka, cewa ƙirar ta dace da zamanin Aruna, kuma babu abin da ya ƙaryata ta. Na roƙi kwamiti su jira a kawo masana su duba wurin ba tare da tono ba. Na rubuta cewa an goge bayan maɓallin kafin ya iso, ban faɗi wanda ya goge ba.

Ka nemi mai fassara ya karanta shi duka, kada ya tsaya a lambobi.

Ɗanka,
Ƙasimu

Tungar Kuka, 20 ga Disamba, 2022

Ƙasimu,

Bayan gaisuwa. Na ji an gama ƙwallonku. Mu ma an gama namu.

Sun zauna ranar da aka sa. Malamin firamare ya fassara takardarka tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda ka ce. Shugaban kwamiti ya saurara, sannan ya ce, "To, wace shekara ke nan?" Malam ya ce tsakanin 1790 da 1950. Wakilin masu haƙa ya ce, "Allah ya gafarta malam, 1950 ai zamanin gyaɗa ne. Ɗansu ma bai musa mana ba." Aka yi dariya. Maganar masana kuwa, shugaba ya ce wane masani ne zai biyo wannan hanya tamu.

Sun bar mana kuka da taki goma a kewayenta. Inna ta ce mahaifiyarta tana taki talatin daga nan.

Ban gaya mata maganar wanki ba, amma an karanta a bainar jama'a cewa an goge bayansa, kafin la'asar mata sun kai mata. Ba ta yi kuka ba. Ta kira ni ta ce, "Ja'afaru, kwana ukun nan da na yi ina gurzawa, ashe rubutun nake gurzawa?" Na ce ba ita kaɗai ba ce, ni na fara ɓata shi. Ta ce, "Na ga baƙi-baƙin ya ƙi fita, har allura na sa."

Tun ranar ba ta tambayi cefanenta ba.

Ba na fushi da kai. Na so in yi, na rasa inda zan kama.

Abu ɗaya take so yanzu. Ta ce ka aiko da maɓallin a mayar da shi inda aka same shi, tunda mun tashe shi a banza. Jiya na je in ga wurin. Sun fara tun ranar bakwai ga wata. Gabas da kuka rami ne, na leƙa ban ga ƙasansa ba, yaran da ke ciki ma muryarsu kawai nake ji. Buhuna a jere har bakin rafi.

Ka riƙe shi a wurinka. Ni na ce mata ka ba Jael, yana hanya, kuma wurin yana nan yadda ta share shi. Ta ce in kira mata kai ranar Juma'a idan an samu sabis, tana so ta ji daga bakin maigidanta. Kana da kwana uku. Ban san me za ka ce mata ba, tunda kai ba ka iya ƙarya ba.

Kawunka,
Ja'afaru